Annoba da Hukuma: Abin da Korona ta Koyar Game da Taro, Tallafi da Ji-ta-ji-ta

Gabatarwa

A ranar 11 ga watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya. A cikin wannan makon ne kuma dubban jama'a suka yi dafifi a Argungu domin bikin kamun kifi, wanda aka farfaɗo da shi bayan ya yi kimanin shekara goma ba a gudanar ba. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, an tsayar da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, an hana fita a Legas da Abuja, Jihar Sakkwato kuma ta rufe hanyoyin da ake shigo mata daga sauran jihohi.

Mutumin Lambara ta Ƙaramar Hukumar Shagari, ko na Sifawa ta ƙasar Boɗinga, yana da damar ya yi tambaya: me ya haɗa cutar numfashi da hawan salla, da filin kokawa, da rabon gero, da saƙon da ya shigo wayar salula? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa abubuwan nan duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Za ta bayyana dalilin kimiyya da ya sa hukuma ke hana taro lokacin annoba, da irin asarar da hanin ke jawowa, da yadda aka yi ƙoƙarin rage raɗaɗinta, sannan da haɗarin da ya biyo ta hanyar intanet.

Yadda cutar ke yaɗuwa

Abin da ke kawo korona wata ƙwayar cuta ce daga jinsin bairas, wadda aka fara ganowa a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ƙwayar ba ta iya hayayyafa sai a cikin jikin mai rai. Tana fita daga hanci da bakin wanda ya kamu a cikin ɗigon yawu da tururin numfashi, idan ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya, ko ma ya yi magana kawai. Manyan ɗigo suna faɗuwa ƙasa nan kusa, amma ƙananan suna iya daɗewa suna shawagi a cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Abu biyu suka sa cutar ta yi wuyar tarewa. Na farko, daga lokacin da ƙwayar ta shiga jiki zuwa bayyanar alamu akan ɗauki kwana 2 zuwa 14, galibi kwana 5 ko 6, kuma mutum yana iya yaɗa ta tun kafin zazzaɓi ya rufe shi. Na biyu, mutane da yawa, musamman matasa, sukan kamu su warke ba tare da sun san sun kamu ba. Saurayin da ya dawo daga cin rani yana jin ƙarau yana iya kai wa kakarsa abin da zai kwantar da ita, domin tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini su ne cutar ta fi kayarwa.

Masana sun ƙiyasta cewa a farkon annobar, inda ba a ɗauki wani mataki ba, kowane mai cutar yakan harbi mutum 2 zuwa 3. Ɗalibi zai iya gwada lissafin a allonsa. Idan mutum 1 ya harbi 3, su kuma kowannensu ya harbi 3, za a sami 9, sai 27, sai 81, sai 243. A zagaye na goma sababbin kamu sun kai 59,049. Amma idan aka yi dabara har adadin ya sauko ƙasa da 1, watau mutum 10 suka harbi 8 kawai, to kowane zagaye zai kasa na bayansa har cutar ta lafa. Duk dokokin da aka kafa a 2020 manufarsu ke nan: a janyo wannan adadi ƙasa, domin kada marasa lafiya su yi wa asibiti yawa a lokaci guda.

Lissafin taro

Me ya sa aka fi sa wa taro ido? Amsar tana cikin lissafi. A zaman mutum 10, hanyoyin da mutum biyu za su iya haɗuwa 45 ne. A taron mutum 100 sun zama 4,950. A taron mutum 1,000 sun kai 499,500. Watau idan jama'a ta ninka sau goma, hanyoyin cuɗanya sukan ninka kusan sau ɗari.

Ga wani misali kuma. A ɗauka cewa a wani yanki mutum 1 cikin kowane 500 yana ɗauke da ƙwayar bai sani ba. A ɗaurin auren mutum 20, yiwuwar a sami mai cutar a wurin kusan kashi 4 cikin 100 ne. A taron mutum 500 ya haura zuwa kashi 63. A filin da ya tara mutum 2,000 ya kai kashi 98. Saboda haka ne dokokin lokacin suka riƙa ƙayyade yawan mutanen da za su taru, maimakon su hana mutane ganin juna baki ɗaya.

Tarihi ya riga ya gwada wannan lissafi. A annobar mura ta 1918 birnin Filadelfiya na Amurka ya bari aka yi wani gagarumin jerin gwano na mutum kimanin 200,000 a ranar 28 ga Satumba, kuma cikin 'yan kwanaki asibitocinsa suka cika maƙil. Birnin Sen Luwis ya rufe makarantu da gidajen kallo da wuri, mace-macensa kuma ba su yi tsananin na Filadelfiya ba. Wannan murar ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa, ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya. Dokar killace masu cuta ta 1926, wadda Turawan mulki suka kafa, ita ce Shugaba Muhammadu Buhari ya dogara da ita wajen sa hannu a kan ƙa'idojin korona a ƙarshen Maris na 2020.

Al'adu, ibada da wasanni

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu na 2020 a Legas. A ranar 9 ga Maris aka kafa kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da cutar, ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, da Dokta Sani Aliyu a matsayin jami'in tsare-tsare. Gwamnonin Arewa maso Yamma suka rufe makarantu daga 23 ga Maris. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da samun cutar a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu, 'yan kwanaki kafin a ɗauki azumi. Daga 4 ga Mayu aka kafa dokar hana yawon dare a duk ƙasa, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, tare da hana tafiya tsakanin jihohi, wanda ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli.

Azumin wannan shekara ya zo da abin da mutane da yawa ba su taɓa gani ba. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ke shugabanta, ta nemi a dakatar da tarukan tafsiri, a yi asham a gida, malamai kuma su koma karantarwa ta rediyo da talabijin da intanet. Manyan masarautu irin su Kano da Katsina suka soke hawan salla. Saudiyya ta taƙaita aikin hajjin 2020 ga 'yan tsirarun mazauna ƙasarta, ta kuma tsayar da na 2021 a kan mutum 60,000 na cikin gida, don haka shekara biyu a jere maniyyatan Nijeriya ba su sauke farali ba. Malamai da dama sun tunatar da jama'a cewa guje wa annoba ba baƙon abu ba ne, domin Halifa Umar ya juya daga hanyarsa ta zuwa Sham da ya sami labarin annobar da ta ɓarke a can.

A fagen wasanni an ɗage gasar wasanni ta ƙasa da aka shirya yi a Jihar Edo a watan Maris na 2020, ba a yi ta ba sai Afrilun 2021. Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ba a ƙarasa ta a fili ba, sai da lissafin maki aka rufe ta.

Sai dai al'ada a ƙasar Hausa sana'a ce, bayan kasancewarta nishaɗi. Hawan salla abinci ne ga baduku da maɗinki da mai sayar da kayan doki. Biki abinci ne ga makaɗi da maroƙi da mai ƙunshi da mai hayar kujeru. Filin dambe da kokawa yana ciyar da ɗan wasa da mai kalangu da mai tsire da yarinya mai tallar gyaɗa. Gidan kallon ƙwallo a ƙauye jarin wani saurayi ne. Duk ranar da aka hana taro, an hana waɗannan mutane abin sawa a baka. Ministan Yaɗa Labarai da Al'adu na lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamiti a watan Mayu na 2020 ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba domin ya ba da shawarar yadda za a farfaɗo da sana'o'in fasaha. A Birtaniya kuwa, inda gidajen wasa da na tarihi suke da rajista da asusun banki, gwamnati ta ware fam biliyan 1.57 domin ceto su a watan Yuli na 2020. Bambancin bai tsaya ga yawan kuɗi ba. Makaɗin ƙauye ba shi cikin kowane kundi na hukuma, kuma wanda ba a rubuta sunansa ba da wuya tallafi ya gano ƙofar gidansa.

Akwai kuma darasi daga maƙwabta. Jamhuriyar Nijar ta rufe masallatai da ƙarfin doka, abin da ya haifar da tarzoma a Yamai da wasu garuruwa, har aka sake buɗe su a tsakiyar watan Mayu. A Nijeriya ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a mako biyun farko na dokar kulle, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. Dokar da ta shiga ta bakin sarki da liman da mai unguwa ta fi karɓuwa a kan wadda ta shiga ta bakin bulala.

Tallafi da ƙungiyoyin agaji

Ba a iya cewa mutum ya zauna gida alhali sai ya fita yake samun na cefane. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu na 2020 ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina, kuma kashi 79 na gidaje sun ce abin da suke samu ya ragu. Saboda haka tallafi wani ɓangare ne na maganin annoba. Mai jin yunwa zai karya doka, idan kuwa ya karya, lissafin da aka yi a sama ya rushe.

Gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ajiyarta. Ma'aikatar Jinƙai, ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta riƙa biyan naira 20,000, watau kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga gidajen da ke cikin shirin tallafa wa matalauta, aka kuma ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 domin rance ga iyalai da ƙananan sana'o'i. 'Yan kasuwa da bankuna, bisa jagorancin Aliko Ɗangote da Herbert Wigwe da Babban Banki, suka kafa gamayyar CACOVID a ƙarshen Maris, wadda ta gina cibiyoyin killace marasa lafiya, ta kuma sayi abinci na kimanin naira biliyan 23 domin rabawa ta hannun gwamnatocin jihohi.

Matsalar ta fito a wajen rabo. A ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, rajistar gidaje miliyan 3.6 ta bar mabuƙata masu ɗimbin yawa a waje. A watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar ƙin jinin rundunar 'yan sanda ta SARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilori da wasu birane, suka tarar da kayan tallafi jibge ba a raba ba. Hukumomi sun ce ana jiran kammala tsarin rabo ne, amma amana ta riga ta zube. Haka kuma shawarar da gwamnonin Arewa suka yanke a watan Afrilu ta mayar da almajirai jihohinsu ta sa an ɗebi yara cikin motoci cunkus, aka kuma tarar wasunsu na ɗauke da cutar bayan sun isa.

A gari irin Lambara akwai tsarin taimako da ya girmi duk waɗannan: zakkar hatsi bayan girbi, da zakkar fid-da-kai a ƙarshen azumi, da ciyayya tsakanin maƙwabta, da adashin mata, da gayya a gona. Jihar Sakkwato tana kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi mai aiki ta hannun kwamitocin gundumomi. Ƙarfin wannan tsari shi ne sani: mai unguwa ya san gwauruwar da ke riƙe da marayu, ya san tsohon da ɗansa ya maƙale a Legas ba ya iya aiko da komai. Rauninsa shi ne cewa annoba takan bugi mai bayarwa da mai karɓa a lokaci ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa dukiyar hukuma da sanin mutanen gari, a rubuta sunaye tun kafin masifa ta zo, a kuma karanta su a bainar jama'a domin kowa ya shaida.

Annoba ta biyu: ji-ta-ji-ta da damfara

Da aka rufe makarantu da wuraren taro, sai mutane suka koma ga rediyo da waya. Jihohi da dama, har da Sakkwato, sun riƙa watsa darussa ta rediyo kafin 'yan ajin ƙarshe su koma makaranta a ranar 4 ga Agusta, su fara jarrabawar WAEC a ranar 17. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, wadda aka fi sani da NCDC, ta riƙa aika saƙonnin gargaɗi ta waya tana kuma fitar da alƙaluma kullum. Amma ta wannan ƙofar ƙarya ma ta shigo.

An yaɗa cewa fasahar sadarwa ta 5G ce ke kawo cutar, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta bayyana a watan Afrilu na 2020 cewa ba ta ba kowa lasisin wannan fasaha ba tukuna. Ƙwayar bairas halitta ce, ba ta bin igiyar rediyo. An yaɗa cewa cutar ta masu kuɗi ce, ko kuma zafin rana na kashe ta, alhali Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni cewa cikin mutum 979 da suka rasu a Kano a 'yan makonnin da aka yi ta jana'iza, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadinsu. A Legas an kwantar da mutane a asibiti saboda sun sha kulorakwin fiye da kima, bayan shugaban Amurka na lokacin ya yabi maganin. Irin haka ta faru a 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙon shan ruwan gishiri da wanka da shi ya yi sanadin mutuwar mutane.

Ji-ta-ji-ta tana bin lissafi irin na cuta. A 2020 zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, ana kuma iya tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, watau yatsa ɗaya na iya isar da ƙarya ga mutum 1,280. A watan Afrilu na shekarar kamfanin ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa zuwa wuri 1 kawai, ya kuma ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Wannan daidai yake da rage taro: an yanke hanyoyin cuɗanya ne.

Wajibi ne kuma a fahimci inda shakkar jama'a ta samo asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a da biyan diyya. Tunawa da wannan na cikin abin da ya ƙarfafa ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wanda ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Da allurar korona ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris na 2021, tsohon tabo ne ya sake motsawa. Shi ya sa shugabanni da sarakuna suka riƙa karɓar allurar a gaban jama'a.

Sai kuma 'yan damfara. Sun riƙa aika saƙo da sunan gwamnati cewa an ware wa mutum tallafi, ya turo lambar BVN da lambobin katinsa na banki, ko ya danna wani adireshi ya cike takarda. Wanda ya bi, sai ya wayi gari an share asusunsa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan zamba, kuma a 2023 an kafa dokar kare bayanan jama'a. Duk da haka doka takan zo ne bayan ɓarna. Kariyar farko tana hannun mai waya, kuma ƙa'idojinta kaɗan ne. Banki ko hukuma ba su tambayar lambar sirri ta waya. Saƙon da ba shi da sunan wanda ya faɗa, da wuri, da rana, abin tuhuma ne. Saƙon da ke cewa a yi maza a tura wa kowa ya fi cancantar a dakata da shi. Labarin magani kuwa, ma'aikacin lafiya ake tambaya kafin a kai shi baki.

Kammalawa

A ranar 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin korona na larurar gaggawa ta duniya. Alƙaluman hukuma a Nijeriya sun nuna mutum kimanin 267,000 da aka tabbatar sun kamu, da 3,155 da suka rasu, ko da yake ƙarancin gwaji ya sa adadin gaskiya ya fi haka. An koma hawan salla, an koma filin kokawa, maniyyata sun koma Makka tun 2022.

Amma ƙasar Sakkwato ba baƙuwar annoba ba ce. Sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, ta 2017 kuma ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja. Wata za ta sake zuwa, ko ta numfashi ko ta ruwan sha. Ranar da ta zo, hukuma za ta sake fuskantar tambayoyi uku: wane taro za a rage kuma har tsawon wane lokaci, wa zai ciyar da wanda aka hana nema, kuma muryar wa jama'a za su gaskata. Ɗalibin sakandare a Lambara ko Shagari ko Boɗinga yana da rawar takawa a nan, domin sau da yawa shi ke karanta wa iyayensa saƙon da ya shigo waya. Idan ya iya lissafin 3 da 9 da 27, ya kuma saba tambayar wa ya faɗa kafin ya tura, ya tare wa gidansu ƙofa biyu daga cikin ƙofofin da annoba ke shigowa.